Launin Mota: Wanne Ne Zai Jure Ranarmu da Ƙurarmu?

 Masu sauraronmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da na ƙauyukan da ke kewaye da su, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a wannan fili na faɗakarwa. Ina gaida iyayenmu maza da mata. Ina gaida direbobinmu da ke tasha suna jiran lodi, da masu fenti da masu gyaran bodi da suka jingine rediyo a gefen gareji. Allah ya ba mu zaman lafiya a wannan yanki namu, ya sa a fita lafiya a dawo lafiya.

Yau maganar launin mota za mu yi. Na san wani zai ce, haba Malam, mutum yana neman inji mai lafiya da giya mai kyau, wa yake ta kala? Gaskiya ne, inji ke tafiyar da mota. Amma ku lura da abu ɗaya. Inji in ya gaji ana sauke shi a ɗora wani. Taya ana canjawa, batir ana canjawa. Fentin da kamfani ya yi wa mota kuwa sau ɗaya ake samunsa, ranar da ya tafi ya tafi ke nan, duk abin da za a fesa bayansa bai kai shi ba. Kuma launin da ka zaɓa ranar saye shi zai yanke maka yawan wankin da za ka yi, da zafin da iyalinka za su sha a ciki, da kuɗin da za ka ba mai fenti ranar da mai babur ya goge ka, da abin da dillali zai taya ranar da ka tashi sayarwa.

In na ce sabuwar mota, ina nufin duk wadda za ta shigo hannunka: ko fil daga kamfani da ledarta a kujeru, ko 'yar Kwatano, ko wadda wani ya hau a Kano ko Kaduna ya sayar. Yawancinmu a nan ta biyu da ta uku muke saye, don haka maganar ta shafi mai neman Golf ko Sharan na haya kamar yadda ta shafi Alhajin da zai aika a kawo masa Hilux.

Bari mu fara da sanin abin da ke jikin motar. Abin da muke kira fenti hawa-hawa ne. A kamfani, bayan an haɗa ƙarfen jiki, ana tsoma shi gaba ɗaya cikin ruwan maganin tsatsa, a sa wutar lantarki ta ja maganin ya shiga kowane lungu, har cikin ƙofofi inda bindigar feshi ba ta kaiwa. Sai a bi da fentin ƙasa, wanda masu sana'a ke kira faraima. Sai launin kansa. Daga ƙarshe a rufe da wani shafi garai-garai marar launi. Wannan shafin shi ke ba mota ƙyalli, shi ne kuma garkuwarta daga rana. Ana gasa wannan aiki a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a sa kujeru da wayoyi da robobi ba. Shi ya sa babu garejin da zai iya maimaita shi, a Funtuwa yake ko a Legas ko a Jamus, domin motar da aka riga aka haɗa, in ka sa ta a wannan zafi robobinta narkewa za su yi. To duk waɗannan hawa-hawan in ka tara su, kaurinsu bai fi na takardar littafi ɗaya da 'yan kai ba, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita ko sama da haka kaɗan. Shafin ƙyallin kuwa bai kai rabin wannan ba. Shi ke nan duk abin da ke tsakanin ƙarfen motarka da ranar watan Afrilu.

Dattawanmu da suka hau Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, za su tuna cewa motocin wancan zamani in fentinsu ya dushe, da an goge da folish sai ya dawo, har ka ga launin ya fito a jikin tsumma. Dalili shi ne yawancinsu launin da ƙyallin a gauraye suke, in ka kankare na sama akwai mai kyau a ƙasa. Motocin yau akasarinsu ba haka suke ba. In shafin ƙyalli ya mutu, za ka ga rufin mota da bonet sun yi fari-fari suna ɓarewa, kuma babu folish ɗin da zai dawo da su. Sai sabon feshi. Ku duba motocin da ke tasha gobe, za ku ga kusan duk wadda ta lalace daga sama ta fara, rufi da bonet da murfin but, inda rana ke sauka kai tsaye. Ƙofofi sukan daɗe da kyansu.

To a nan ne launi ya shigo. Baƙi yana shanye kusan duk hasken da ya sauka a kansa ya mai da shi zafi. Fari da ruwan azurfa suna mayar da fiye da rabinsa. A 2011 masu bincike na cibiyar Lawrence Berkeley da ke jihar Kalifoniya a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ajiye Honda Civic guda biyu a rana, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa. Bayan awa guda, rufin baƙar ya fi na ɗayar zafi da har digiri 25, iskar cikinta kuma ta fi zafi da digiri 5 zuwa 6. A can ke nan. Mu nan a Maris da Afrilu zafin inuwa ma yakan kusanci digiri 40, balle ƙarfen da ya wuni a filin kasuwar Sheme ko ta Ɗandume ba ko rumfa. Fentin da kullum yake dahuwa da rana ya huce da dare, yau da gobe, shi ke fara gajiya. Kuma ba fenti kaɗai ba, robobin ƙofa da dashbod da kujeru duk suna shan wannan wuta.

Wani zai tambaya, to ko farar mota ta fi rage shan mai, tunda na'urar sanyaya ciki ba za ta wahala ba? Tana ragewa, amma kaɗan. Masu wancan binciken sun kiyasta abin bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko wannan ɗin ba abin rainawa ba ne, sai dai kada mai sayar da mota ya zuga ka da shi. Ribar gaske tana ga jikin mutanen da ke ciki. Direban da zai ɗauki fasinja daga Ƙanƙara zuwa Katsina ta Dutsinma da tsakar rana, ga tsofaffi ga masu goyo, mota kuma ba na'urar sanyi, shi ya san darajar digiri biyar.

A nan ina so in tsaya in roƙi iyaye. Babu launin motar da ke sa ta zama wurin barin yaro. Fara ce ko baƙa, in an rufe gilasai a rana, cikin mintoci kaɗan zafin ciki yake kai inda zai kashe ƙaramin yaro. Kada a ce bari in shiga kasuwa in fito yanzu. Motar da ta lalace aka ajiye ta a ƙofar gida ko a kango, a kulle ta a ɓoye makulli, domin yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su. An sha jin irin wannan labari a ƙasar nan. Allah ya kiyaye mana zuri'a.

Mu dawo ga abokiyar zamanmu ta biyu, wato ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da hazonsa. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi gona ko ƙauye, jar ƙasa ce. Damina in ta faɗi, jar ƙasar nan ta koma laka. Mutanen Ƙanƙara masu hulɗa da wuraren haƙar farar ƙasa su kuma suna da nasu farin garin da ke bin iska. Baƙar mota a wannan wuri kamar farar shadda take, ranar wanki babu mai kyanta, amma kafin la'asar kowa ya san inda ka je. Ka wanke ta da safe a Faskari, kafin ka kai Daudawa ta koma ruwan ƙasa.

Datti a ido ba shi ne babbar illar ba. Babbar illar ita ce abin da dattin yake sa mutum ya yi. Mai baƙar mota ba ya jure ganin ƙura, sai ya sa yaro ya ɗauko tsumma ya goge ta a bushe, safe da yamma. Ƙurar nan kuwa garin yashi ce, ta fi shafin ƙyallin tauri. Kowace shafa da busasshen tsumma yankan fenti ce, ƙanana-ƙanana waɗanda ido ba ya gani ranar farko. Bayan wata shida, in rana ta haska motar, sai ka ga zane-zane sun kewaye jikinta. A kan baƙi suna fitowa fili domin zanen fari-fari ne. A kan fara da ruwan azurfa suna nan, amma ba sa nunawa. Ga shi kuma mai farar motar tun farko bai goge ta sau da yawa haka ba, saboda ƙurar ba ta dame shi ba. Ka ga riba biyu ke nan. Abin da na faɗa a kan baƙi ya hau kan shuɗi mai duhu da kore mai duhu da ruwan hanta, duk gidansu ɗaya.

Ba na cewa baƙar mota haramun ce. Tana da kwarjini, ba mai musun wannan, kuma a birane tana da kasuwa. Wanda ke da rumfa a gida da rumfa a wurin aiki, ga ruwa wadatacce, tafiyarsa kuma a kan kwalta take, ya saya ya more. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke damuna shi ne saurayin da ya tara kuɗin waken suya da masara na shekara biyu ko uku, ya je Kano ya ga baƙar Corolla tana walƙiya a wurin dillalai, ya kawo ta gidan da babu inuwa sai ta bedi, ruwan wanki kuma sai an saya a wurin 'yan garuwa. Bayan damina biyu motar ta tsufa a ido, alhali injinta ƙalau.

Ja fa? Ja yana da tasa matsalar. Sinadaran da ake yin jan fenti da su suna shanye ɓangaren hasken rana mafi ƙarfi, shi kuma yana karya su a hankali. Kowa ya ga tsofaffin Golf jajaye a tashoshinmu da suka koma ruwan hoda a rufi da bonet. Jan motocin yanzu ya fi wancan juriya saboda shafin ƙyalli yana tare masa rana, amma ranar da shafin ya raunana, ja ne kan gaba wajen kodewa. Kuma in ya kode, aka fesa wa ƙofa ɗaya sabon ja, sai motar ta zama kala biyu.

Wannan ya kawo mu ga abin da masu saye suka fi mantawa da shi, ni kuwa a wurina shi ne kan gaba: wa zai gyara maka in ta goge? Mota a yankin nan ba za ta tsira daga gogewa ba. Ga babura, ga amalanke, ga shanu a hanya, ga ƙaya da karan dawa a hanyar gona. Wata rana za ka kai ta wurin mai fenti, a garinku ko a Funtuwa ko Malumfashi. To launuka ba ɗaya suke ba wajen haɗawa. Fari zalla, wanda ba a sa masa komai ba, shi ya fi sauƙi, kusan kowane mai fenti yana iya kusantarsa, kayansa kuma suna ko'ina. Ruwan azurfa da ruwan gwal suna da ƙananan ɓarɓashin ƙarfen alminiyom a ciki, su ke sa su walƙiya. Yadda ɓarɓashin nan ya kwanta ya danganta da ƙarfin iskar feshi da nisan hannu da yawan ruwan da aka sirka fentin da shi. Fenti ɗaya, gwangwani ɗaya, mutum biyu su fesa, sai ya fito daban. Shi ya sa gwanin mai fenti ba ya tsayawa a bakin ƙofar da ta lalace, sai ya ɗan zarce da feshin zuwa maƙwabciyarta don kada ido ya ga iyaka. Aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Mafi wuya duka shi ne farin nan mai sheƙin lu'ulu'u da ake gani a manyan motoci. Shi hawa uku ake fesa shi, fari a ƙasa, sheƙi a tsakiya, ƙyalli a sama, kuma in hawan tsakiya ya ɗan yi yawa ko ya gaza, da rana ta fito za a gane. Don haka in dillali ya ce maka fara ce, tambaye shi wace irin fara.

Kowace mota tana da lambar launinta daga kamfani. A Toyota da Honda tana kan wata takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. A Toyota za ka ga an rubuta C/TR, lambar farko bayansa ita ce ta launi: 040 fari ne zalla, 070 fari mai sheƙin lu'ulu'u, 1F7 ruwan azurfa, 202 baƙi. A Volkswagen yawanci takardar tana cikin but, kusa da mazaunin safaya. Rubuta lambar nan ka ajiye tare da takardun mota. Masu fentinmu da yawa da ido suke haɗa kala, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske, Allah ya ƙara musu basira. Amma in ka kai masa lamba ka rage masa rabin wahala.

Kada kuma a ɗauka fari ba shi da aibi. Jar laka tana fitowa a kansa sosai, in an bar ta ta kwana biyu tana barin tabo. Ɗigon kwalta ma haka. Wasu fararen motocin aiki ba su da shafin ƙyalli, in sun sha rana sai ka shafa hannu ka ga fari kamar alli ya biyo ka, irin waɗannan suna son folish lokaci-lokaci. Farin da aka sake fesawa da kaya masu araha yakan koma ruwan madara bayan shekara ɗaya ko biyu. Sannan akwai wasu Corolla da Camry da RAV4 farare, ƙirar 2008 da shekarun da suka biyo baya, waɗanda fentinsu ke ɓarewa falle-falle. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a Amurka, ya buɗe shirin sake wa masu su fenti. Irin waɗannan motoci suna cikin waɗanda ake shigo mana da su, mu kuma a nan babu mai sake mana kyauta. In za ka sayi ɗaya, duba gefen rufi da kewayen gilashin gaba da na baya da kyau.

In ana maganar ɓoye ƙura kawai, babu kamar ruwan ƙasa mai haske da ruwan gwal da ruwan azurfa, domin launin ƙurar tamu ke nan. Mota mai irin wannan kala takan yi mako ba wanki ba a lura ba. Sai dai abin da ya ɓoye ƙura yana iya ɓoye motar kanta. A 2007 cibiyar binciken haɗurra ta Jami'ar Monash da ke Ostireliya ta bi bayanan haɗurra masu ɗimbin yawa, ta gano cewa da rana haɗarin baƙar mota ya ɗara na fara da kashi 12 cikin 100, ruwan toka da ruwan azurfa suna biye da ita kusa-kusa, kuma da asuba da almuru tazarar baƙar ta fi haka nesa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, abin da ido ya hango da wuri shi ake kauce wa. Yanzu ka ɗauko mota ruwan toka ka sa ta a hanyar Funtuwa zuwa 'Yankara da safiyar hazo a watan Janairu, ga tirela tana tahowa tana son wuce wata. Malam direba, in motarka ruwan toka ce ko ruwan azurfa ko ruwan ƙasa, kunna fitila da rana a lokacin hazo da lokacin ruwan sama. Kusan ba ta cin komai a aljihunka.

Akwai kuma halin rashin tsaro da muke ciki, wanda ba sai na fassara muku ba. Mai bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara ko Ɗandume zuwa Sabuwa ya san abin da nake nufi. Launi ba ya tare ƙaddara, tsari na Allah ne. Amma motar da ake shaidawa tun daga nesa a ce ga motar Alhaji wane can, saboda ita kaɗai ce mai wannan kala a ƙaramar hukuma, a ganina yanzu ba lokacinta ba ne. Fara da ruwan azurfa sun cika hanya, a duniya ma kusan mota ɗaya cikin uku da ake ƙerawa fara ce. Sai kuma babban gargaɗi ga masu Hilux da makamantanta: ku nisanci duk launin da ya yi kama da na jami'an tsaro. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai koren soja a Najeriya. Ko ba doka, a hanyoyinmu na yau motar da aka ɗauka ta jami'ai ce tana jawo wa mai ita da fasinjansa abin da ba su nema ba.

Tunda mun taɓo doka, launin mota yana rubuce a takardunta. Wanda ya canja kala, da feshi ne ko da ledar nan da ake mannawa, wajibi ne ya je ofishin lasisin motoci a gyara takarda. In ba haka ba, duk shingen da ka tarar, na 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra ko na KASSAROTA, takarda ta ce shuɗiya ido ya ga fara, kai ne da dogon bayani, domin canja kala yana cikin abin da ɓarayin mota ke fara yi. Mai saye ma ya kula da wannan. In launin jiki ya saɓa wa na takarda ko na lambar da ke ginshiƙin ƙofa, kada ka biya sai ka ji dalili mai gamsarwa.

Ga mai sayen 'yar Kwatano ko ta hannu, shawarata ita ce fentin kamfani da ya ɗan dushe ya fi sabon feshi mai walƙiya. Sau da yawa ana yi wa mota feshin gaggawa ne don ta shiga kasuwa, irin wannan kuwa damina ɗaya yake yi ya fara kumbura. Je ka ga mota da rana tsaka, a fili, bayan an wanke ta ta bushe. Kada ka duba da yamma ko ƙarƙashin fitilu, kada ka duba tana jiƙe, domin ruwa yana rufe zane. Buɗe ƙofofi ka kwatanta launin ciki da na waje. Ɗaga robar gilashi kaɗan ka ga ko feshi ya taɓa ta. Tafi da ɗan maganaɗisu ka naɗe shi a ƙyalle, ka bi ƙofofi da gefen tayoyi. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, akwai fila mai kauri a ƙasa, wato an cike lotsa. Ka kuma durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. Motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun taka gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi, wata samanta kamar sabuwa, ƙasanta tsatsa ta cinye.

To ka saya, Allah ya sa albarka, ya tsare. Saura riƙo, kuma riƙo ya fi launi tasiri. Farar da aka wulaƙanta za ta riga baƙar da aka kula da ita mutuwa. Kada a taɓa fenti da tsumma sai an fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka. A ware bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don yashin da aka kwaso kada ya koma jikin mota. Soson taya daban, na jiki daban. Garin sabulun wankin tufafi yana cinye man da ke kare fenti, ya bar shi a bushe, gara sabulun ruwa na mota, kwalba ɗaya tana daɗewa. A yi wanki da safe ko da yamma a inuwa, a kuma tsane ruwan, domin ruwan rijiya da na burtsatse in ya bushe da kansa a kan ƙarfe mai zafi yana barin ɗigo-ɗigon da ba sa fita. Man folish mai kyau sau biyu ko uku a shekara ya isa, musamman gab da hunturu da gab da bazara. Amma a yi hankali da injin goge fenti, kowace gogewa tana rage kaurin shafin nan da muka ce bai kai rabin takarda ba.

Inuwar bedi da ta mangwaro ni'ima ce, sai dai tsuntsaye da jemagu ma can suke. Kashinsu yana cin fenti cikin 'yan awoyi in rana ta buga shi, a jiƙa shi da ruwa a ɗauke nan take, kada a kankare. Rumfar kara ko ta kwano a gida ta fi komai. Tamfol a kan mota mai ƙura kuwa, in iska tana kaɗa shi, gurzar fentin yake yi dare da rana.

Manomanmu, ga naku na musamman. Takin zamani, musamman yuriya, in ya zube a but ko a bayan a-kori-kura ya haɗu da danshi, yana cin ƙarfe da sauri. Haka gishiri, haka fitsarin awaki da tumakin da aka ɗauko daga kasuwa. A shimfiɗa leda mai kauri kafin lodi, a wanke da ruwa mai yawa bayan an sauke, har ƙarƙashin shimfiɗar but. Man birki in ya ɗiga a fenti yana ɗaga shi, ruwan batir ma haka, fetur ɗin da ke zuba a gefen tanki in an sha a wurin 'yan bumburutu shi ma yana barin tabo, duk a wanke su da ruwa tun ba su bushe ba. Da damina a sa a wanke lakar da ke maƙalewa a saman tayoyi, can tsatsa ke fara gida. Inda dutse ya fasa fenti har ƙarfe ya bayyana, ko bai kai ƙwayar gero ba, a ɗiga masa fenti kafin ruwa ya sauka.

In ka tambaye ni wace zan zaɓa wa mutumin Damari ko Mairuwa ko 'Yargoje da zai hau motarsa gona da kasuwa da asibiti shekara goma, zan ce fara zalla, marar sheƙin lu'ulu'u. Ta fi sanyi, ta fi saurin ganuwa a hanya, mai fentin garinku zai iya gyara ta, kuma ranar sayarwa ba za ta rasa mai so ba. Mai bi mata ruwan azurfa ko ruwan gwal mai haske, ga wanda ruwan wanki ke yi wa wuya, da sharaɗin zai riƙa kunna fitila cikin hazo. Kujerun ciki ma a nemi masu haske, na yadi sun fi baƙar fata daɗin zama a ƙasarmu, a kuma riƙa tare gilashin gaba ko da kwali ne in za a ajiye ta a rana.

'Yan uwana masu wankin mota, dukiyar mutane ce a hannunku, ku ji tsoron Allah ku raba soson taya da na jiki. Masu fenti, ku faɗa wa mai mota gaskiyar kayan da za ku sa masa da abin da kuɗinsa zai iya saye. Kai kuma mai shirin saye, kafin ka tafi Kano ko Kaduna, biya ta garejin mai fentin garinku ka tambaye shi kalar da ya fi iya haɗawa da wadda ta fi ba shi wahala, sannan ka tafi da wanda ya san mota.